Littattafai sun ƙaru, amma ƙorafin ɗalibai bai ragu ba

Sabon ma'aikaci:
Assalamu alaikum, manyanmu. Idan an zuba wa laburaren jami'a sababbin littattafai da kwamfutoci, amma ɗalibai suna ta ƙorafi, ta yaya za a gane ko matsalar daga kayan aiki take ko daga mu'amalar ma'aikata? Wanne za a fara gyarawa?

Mai kula da sashen bincike:
Wa alaikumus salam. Kada a yi hasashe, a auna. Akwai ma'aunin LibQUAL+ da ƙungiyar laburaren bincike ta Amurka ta fito da shi. Tambayoyi 22 ne: 9 a kan mu'amalar ma'aikata, 8 a kan samun bayanai, 5 a kan shi kansa wurin karatun. A kowace tambaya ɗalibi zai ba da maki uku, daga 1 zuwa 9: mafi ƙarancin abin da zai lamunta, abin da yake buri, da abin da yake samu. Inda abin da yake samu ya gaza mafi ƙarancin, nan ciwon yake. A raba amsar 'yan digirin farko da ta masu digiri na biyu, don buƙatunsu ba ɗaya ba ne.

Malama a teburin tambaya:
Ƙanena, yawanci a minti biyun farko ake ɓata komai. Ɗalibi zai zo ya ce, "Ina littattafan noma?" Sai a nuna masa sashen S, inda ake jera littattafan noma, da yatsa, a koma kan waya. Alhali shi makala yake nema a kan tsutsar masara don aikin kammala digiri, kuma tana cikin AGORA, rumbun mujallun noma na intanet, ba a kan kantar littattafai ba. Ka ɗago kai ka amsa sallama. Ka tambaye shi aikin me zai yi, me ya riga ya duba, yaushe zai miƙa. Ka maimaita masa buƙatarsa da bakinka don ya tabbatar. Ka juyo masa fuskar kwamfuta ya ga kalmomin da kake nema da su. Kafin ya tafi ka ce, "Wannan ya biya buƙata?" Wannan tambayar ce aka fi mantawa da ita. Binciken da Joan Durrance, masaniyar ilimin laburare a Amurka, ta yi a 1989 ya nuna yadda aka karɓi mutum yana da tasiri ƙwarai a kan ko zai sake komawa wurin ma'aikacin.

Mai kula da katalog:
Malama ta faɗi gaskiya, amma fara'a kaɗai ba ta isa ba. Idan Koha, manhajar katalog ɗin laburare, ta ce littafi yana nan, aka je kanta babu shi saboda an saka shi a lambar da ba tasa ba, ɗalibi ma'aikacin zai zarga. A ware awa ɗaya kowace safiya ana bin kantoci lamba-lamba. Kalmar sirrin Research4Life kuma, wato shafin da ake shiga AGORA da sauran rumbunan mujallu ta cikinsa, kowane mai zama a teburin ya san yadda ake shiga, har da masu aikin yamma da na Asabar, kada a riƙa ce wa ɗalibi "mai ita ba ya nan, dawo gobe."