Faifan Led Zeppelin da allura ke tsallakewa, da tambaya kan sautin wasanninsu

Sabon Mai Tarawa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Kimanin shekara biyu ke nan da na fara tara faya-fayen garmaho na Led Zeppelin, ƙungiyar mawaƙan rock ta Ingila, kuma a makon jiya na samu kundinsu na biyu, wanda kamfanin Atlantic ya fitar a 1969. Wanda ya sayar mini ya ce bugun farko ne na Amurka. Na ɗaga shi a hasken fitila na duba ciki da bai, ban ga inda ya karce ba, amma duk wurin da ganga ta yi nauyi sai allura ta tsallake layi, alhali sauran faya-fayaina ba sa yin haka. Shin faifan ne ya lalace, ko na'urata ce ke da matsala? Sannan ina so in fara tara sautin wasannin da suka yi a gaban jama'a, ina neman shawarar inda zan soma.

Dattijon Faifai ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawar mayar da shi. Ka duba wurin nan mai santsi da ke tsakanin ƙarshen layukan sauti da takardar tsakiya, inda ake zana lambobi. Idan ka karkata faifan wajen haske ka ga ƙananan haruffa RL, to injiniyan sauti Robert Ludwig ne ya yanka uwar faifan, wato ainihin wanda ake buga sauran daga gare shi, kuma ya yanka ta da ƙarfin da allurar na'urori masu araha na wancan zamani ba ta iya bi, abin da ya sa kamfanin ya sake yankawa aka rage nauyin sautin. Saboda haka tsallaken da ya dame ka yana iya zama shaidar cewa abin da masu tarawa ke nema ruwa a jallo ne ya faɗo hannunka. Ka duba fuska biyun, domin akwai waɗanda fuska ɗaya ce kawai ke ɗauke da haruffan.

Abin da nake roƙonka shi ne kada ka ɗora wa kan allura tsabar kuɗi don ta danne, kamar yadda wasu ke yi, domin hakan yana cinye layukan, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa. Ka nemi ƙaramin ma'auni ka daidaita nauyin allurar daidai da abin da maƙerinta ya ƙayyade, idan ta tsufa ka canza ta.

Mai Kunne ta amsa:

Malam, a kan tambayarka ta biyu, ni ina ganin ka fara da abin da ƙungiyar ta fitar da kanta. Akwai sautin wasannin da suka yi a zauren Madison Square Garden na New York a Yulin 1973 da ya fito a 1976, amma wanda na fi so shi ne How the West Was Won, da aka haɗa daga wasanni biyu na Yunin 1972 a Kalifoniya aka fitar a 2003. A nan ne mutum zai ji yadda mai ganga John Bonham da mai jitar bas John Paul Jones ke riƙe da kiɗa yayin da Jimmy Page ya yi nisa da jitarsa, waƙar minti shida ta koma ta minti ashirin da wani abu. Faya-fayen bayan fage kuwa, wato waɗanda aka naɗa aka fitar ba da izinin ƙungiyar ba, da yawansu kwafin kwafi ne, an yi musu kwali mai kyau amma sautin ya dushe, wani ma gudunsa bai daidaita ba.

Dattijon Faifai ya sake amsawa:

Malama ta yi gaskiya, sai dai ba zan so a yi wa na bayan fage kuɗin goro ba. Manajan ƙungiyar, Peter Grant, ya yaƙi masu naɗar sauti a ɓoye iyakar ƙarfinsa, duk da haka da ba don su ba da dare da yawa sun tafi ba a bar komai ba. Ɗaya daga cikinsu, Mike Millard, yakan shiga zauren Forum na Kalifoniya a keken guragu da rakoda ɓoye a ciki, kuma abin da ya naɗa a ranar 21 ga Yunin 1977 har yau ana sa shi cikin mafi kyau. Wanda aka ɗauka daga teburin haɗa sauti ya fi tsabta, amma wanda aka ɗauka cikin jama'a shi ke kawo maka faɗin zauren da shewar mutane. Tunda ƙungiyar ta watse bayan rasuwar Bonham a Satumban 1980, waɗannan darare ba za su ƙaru ba. Kafin ka sayi kowane, ka nemi ranar wasan da wurin da aka yi shi, ka kuma saurara tukuna.

Sabon Mai Tarawa ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na duba, haruffan suna nan a fuska ta farko, ta biyun kuma babu. Na ajiye faifan a tsaye cikin sabuwar riga, ba zan sake sa shi ba sai ma'aunin ya iso.