Warin baki da ya ƙi jin asuwaki: daga ina yake fitowa?

Hajiya, Marwa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Mutum yana wanke baki safe da dare, amma wari bai tafi ba. Ma'aikatan lafiyarmu, me kuka fi gani?

Malam likitan haƙori, Garwa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Mafi yawansa cikin bakin yake, ba cikin ciki ba kamar yadda ake zato. Can bayan harshe akwai farar dauɗa da ƙwayoyin cuta ke ci suna fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. A kankaro wurin da cokali, a bari ya bushe, a shinshina. Sai dasashi: in yana jini lokacin gogewa, mai yiwuwa datti ya daskare a gindin haƙori ya zama kamar dutse, kuma buroshi ba ya ɓamɓare shi, sai an kankare a asibiti. A goge minti 2 sau 2 a rana, har da harshe. Ruwan kurkura na chlorhexidine kada ya wuce sati 2, yana rina haƙora.

Nas, Kuseri:
Ƙari kan na Malam, a rufe baki a fitar da numfashi ta hanci. In warin na nan, a duba hanci. Yaro mai majina mai wari ta ƙofa ɗaya tak, galibi ƙwayar gyaɗa ko soso ya cusa. Don Allah kada a zaƙulo da tsinke, ciki yake ƙara shigewa. Akwai kuma fararen tsakuwoyi da ke taruwa a ramukan tonsil, gefen maƙogwaro. Cire beli wurin wanzami ba ya maganin wannan.

Mai farmasi, Gaundare:
Bushewar yawu ma. Chlorphéniramine na mura da amitriptyline, maganin damuwa da ciwon jijiya, suna busar da baki, ga hunturu ana kwana baki buɗe.

Likita, Injamena:
Hajiya, irin warin ma yana magana. Kamar na fitsari, tare da kumburin ƙafa: a auna ƙoda. Ƙwannafi mai dawo da tsami wuya yana iya jawowa, amma a fara da bakin tukuna. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne mai ciwon suga da numfashinsa ke ƙamshin 'ya'yan itace da suka nuna sosai, yana amai, ga ƙishi, yana haki. Wannan ba na jiran gobe ba ne, a kai shi asibiti a daren.