Barlow nawa zan saka wa Mushtari?

Assalamu alaikum, malamaina masu ɗaukar hoton taurari. Daga Tawa nake, kuma zaɓen Barlow (gilashin da ake sakawa gaban kamara don ya ninka tsawon fokas) don ɗaukar hoton duniyar Mushtari (Jupiter) ya ci mini tuwo a ƙwarya.

Na'urar hangen nesata Newton ce, faɗin madubi milimita 150, tsawon fokas milimita 750, wato f/5 (tsawon fokas a raba da faɗin madubi). Kamarar kuwa girman piksel ɗinta maikiron 3.75 ne. Da na yi lissafi (206 sau 3.75, a raba da 750), kowane piksel yana ɗaukar kusan sakan 1 na baka (ma'aunin faɗin abu a sararin sama, kashi 1 cikin 3600 na digiri). Faɗin Mushtari ba ya wuce sakan 50 na baka, shi ya sa ba tare da Barlow ba yake fitowa kamar ƙwayar gero a tsakiyar allo.

Ƙa'idar da na koya ita ce a ninka girman piksel sau 5, a samu lambar f da ta dace, wato f/19 ga kamarata. To Barlow mai ninki 3 yana ba ni f/15, mai ninki 5 kuma f/25. Babu wanda ya faɗa daidai. Da na saka mai 5, duniyar ta cika ido amma ta dushe, dole na ƙara tsawon buɗe kamara, sai manyan ɗamarun gajimare biyu na jikin Mushtari suka narke ko bayan na tara hotunan a manhajar AutoStakkert. Ga hazon hunturu yana cinye haske, ga zafin da rufin siminti ke fitarwa bayan magariba yana sa hoton rawa.

Don Allah, madubi 150 yana da abin da zai ƙara nunawa a f/25, ko in tsaya kan mai 3? In na sa bututu tsakanin Barlow mai ninki 3 da kamara don in kusanci f/19, hoton zai lalace?