Oga ya ce mini "smart", na yi godiya, sai ya haɗe rai

Ɗan bautar ƙasa:
Assalamu alaikum. Don Allah masu Turanci a cikinmu ku fitar da ni duhu. Ni ɗan Jos ne, wata biyu ke nan ina bautar ƙasa a wani ofis a Wuse 2, Abuja. Kalma ɗaya ta hana ni sakat a makon nan, wato "smart".

Ran Litinin na sa farar shaddar da na ɗinka da sallah, ta sha guga, na kafa hula. Madam ɗin sashenmu ta dube ni ta ce, "You look smart today." Na yi godiya amma raina bai so ba, don ni tun sakandare abin da na sani "smart" mai ƙwaƙwalwa ne. Wato sauran ranakun kama da dolo nake yi?

Ran Laraba cunkoson Nyanya ya riƙe ni, na iso tara da kwata, na rubuta 8:00 a rajista kamar yadda na ga wasu na yi. Oga ya duba littafin, ya ɗago ya ce, "You think you are smart." Ni kuwa na washe baki na ce, "Thank you sir." Ofis ya yi tsit. Tun ranar da ƙyar yake amsa gaisuwata.

Ga shi Asabar akwai liyafar ofis, an rubuta "smart casual" a jikin kati. Me zan sa? Kuma yaya zan yi da oga?

Baban Walid:
Inna lillahi! Har da "thank you sir"? Wallahi na fesar da shayin da ke bakina.

Malamin Turanci daga Bukur:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kalmar ɗaya ce, abin da ya zo gabanta za ka riƙa dubawa.

In aka ce "look smart", maganar ido ce: ka fito tsaf, ka sha guga. Haka mutanen Ingila suka fi amfani da ita, mu kuma Turancinsu muka gada. Ka tuna asembili a firamare, ana duba farce da safa ana cewa "neat and smart". Madam shaddarka ta yaba, ko kusa ba ta taɓa ƙwaƙwalwarka ba. In kuwa aka ce wane "is smart", to basira ake nufi, kuma Amurkawa ne suka fi riƙe da wannan, Baturen Ingila sau da yawa "clever" zai ce. Daga nan wayar hannunka ta samo sunan "smartphone".

Ta oga ce mai dafi. "You think you are smart" na nufin, ni za ka yi wa wayo? Mu ma haka muke da kalmar wayo ai. In aka ce yaro ya yi wayo, an ji daɗi, ya girma. In aka ce wane ya cika wayo, kowa sai ya dafe aljihunsa. Da oga Hausa ya yi maka, da ba ka yi godiya ba.

Bari in ƙara wani abu da nake gaya wa ɗalibaina. A tsohon Turanci, shekaru kusan dubu da suka wuce, kalmar ba ta da alaƙa da ilimi ko ado. Raɗaɗi take nufi, irin na bulala. "Schmerz" ta Jamusanci, wato ciwo, 'yar uwarta ce. Har yau wanda albasa ta shiga wa ido yana iya cewa "my eyes are smarting". Daga zafi ta koma kaifi da hanzari, a ƙarni na 17 ta kai ga basira, a ƙarni na 18 ta kai ga ado. Ba abin mamaki ba ne a wurin Bahaushe, mu da muke cewa zafin nama da kaifin basira.

Ɗan bautar ƙasa:
Allah ya saka da alheri Malam. Yanzu kunya ta kama ni sosai. Ashe zagina aka yi na amsa da murmushi.

Maman Hanan:
Ƙanena, kar ka bari maganar Turanci ta ɗauke maka hankali. Laifinka ba "thank you" ba ne, 8:00 ɗin da ka rubuta ne. Shi oga gani yake ka yi ƙarya sannan ka haɗa da raini. Gobe ka riga kowa zuwa, ka same shi shi kaɗai, ka fara da cewa ka makara kuma ka rubuta abin da ba haka ba. Sai daga baya ka ce ba ka fahimci maganarsa ba ne. In ka fara da ta biyun zai ce wani sabon wayon ne. Kuma waɗanda ka ga suna rubuta takwas ɗin, su ma'aikata ne masu takarda a hannu, kai kuwa sa hannunsa kake jira duk wata kafin alawus.

Tela a Garki:
Ni ɓangarena na kaya ne. "Smart casual" ba kwat ba ne, ba kuma kayan zaman gida ba. Wando mai kyau, riga mai kwala, rufaffen takalmi da ya sha goga. Ban da nakatai, ban da silifas, ban da rigar ƙwallo. Babbar riga ta yi nauyi, ba ɗaurin aure za ka ba.

Baban Walid:
Maigida tela, a Abujar nan ƙaramin kaftani ba ya wucewa? Ni da shi nake zuwa irin wannan taron, ba wanda ya taɓa harara ta.

Tela a Garki:
Yana wucewa mana, in ɗinkin ya zauna a jiki kuma aikin wuyan bai yi yawa ba. Tunda ma Madam ta riga ta yabi shaddar, ya maimaita ta, an wuce wurin. Rigar sanyin nan taku ta Jos dai a bar ta a akwati.

Anti mai aikin banki:
Tun kafin ka sake faɗawa rami: in ka ga SMART da manyan baƙaƙe a takardar tantance aiki, wannan daban ce. Taƙaita kalmomi biyar aka yi kan yadda ake tsara buri, wani masanin harkar gudanarwa mai suna George Doran ne ya fito da ita a 1981. Sannan in ka ji ɗan Najeriya ya ce "he wants to play smart", cuta yake nufi.

Ɗan bautar ƙasa:
Na dawo da labari. Na bi shawarar Maman Hanan, bakwai da rabi ina bakin ofishinsa. Da na kai kan "thank you sir" sai da ya cire tabarau don dariya. Ya ce ya yafe, amma daga Litinin ni zan riƙe rajistar, in ja layi da jan biro ƙarfe takwas daidai. Masu zama Mararaba, ƙarfe nawa kuke fita don ku riga cunkoson Nyanya?