Don Allah ku ba ni shawara: jakar goyo da jaririya 'yar mako bakwai

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, kwana uku ke nan ina rubutawa ina gogewa. Yau 'yata mako bakwai da haihuwa, aiki aka yi mini aka ciro ta, kuma watanninta ba su cika ba. Yayanta shekararsa biyu da wata huɗu, ƙiriniya gare shi, idan na juya baya minti ɗaya sai na same shi a kan tebur. Ƙanwata da ta zo taya ni zama ta koma makaranta mako biyu da suka wuce, maigidan kuma sai dare yake shigowa. Tun ina da ciki matar yayan mijina ta ba ni jakar goyo, irin mai maɗauri biyu a kafaɗa da bel a ƙugu, wadda ta goyi ɗanta da ita. Gaskiya ba mu cika jituwa ba, akwai maganar da ta faɗa mini lokacin haihuwata ta fari da har yau take cina a rai, shi ya sa da ta miƙo jakar na karɓa hannu biyu don kar a ce na raina. Babu kwali, babu takardar bayani, kuma ba na son in kira ta in tambaya, don na san inda maganar za ta ƙare.

Yarinyar nan ba ta yarda a ajiye ta. Daga yamma har goman dare kuka take, sai na saka ta a jakar a ƙirjina take yin shiru ta yi barci. To amma tana zamewa ƙasa, kanta ya lanƙwashe, wani lokacin in ji tana ɗan gurnani. Jiya ina shanya na leƙa sai na ga fuskarta ta nutse cikin rigata, ban ga hancinta ba. Wallahi sai da jikina ya ɗauki rawa. Bel ɗin ma yana danne mini wurin ɗinkin. Ga kuma wasu jajayen ƙuraje a wurin famfas, ina zuba mata hoda amma kamar ƙaruwa suke. In ci gaba da jakar ko in bari? Idan na bari da me zan riƙe ta in kula da yayanta?

Anti Mai Shida: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki ajiye jakar nan yau, ba gobe ba. 'Ya'ya shida na raina, babu wanda na saƙala cikin igiyoyi da ƙarafa. Ki samu zane mai kauri da majanyi, ki ɗora ta a baya ki ɗaure tam, za ki ga barci. Bel ba zai taɓa miki ɗinki ba, hannuwanki biyu kuma suna sake. Ƙurajen zafi ne kawai, ki ƙara hodar, ki zuba sosai har matsematsi. Abin da na yi wa nawa ke nan, ga su nan garau.

Nas Mai Aikin Dare: Maman Biyu, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya. Kafin komai ina son amsa biyu: a mako nawa aka ciro ta, kuma kilo nawa ta yi a awon ƙarshe? Yawancin irin jakar nan ana rubuta mafi ƙarancin nauyin da za ta ɗauka, sau da yawa kilo 3.2 ko 3.5, wasu kuma sai an saka musu matashin jarirai na musamman. Ki duba cikin bel ɗin, galibi akwai ɗan ƙyalle da aka ɗinka da rubutun.

Abin da kika gani jiya kar ki ɗauke shi da sauƙi. Jaririn da bai kai wata huɗu ba wuyansa bai yi ƙwari ba. Idan haɓarsa ta faɗa kan ƙirjinsa hanyar numfashi tana matsewa, kuma yana iya rasa ƙarfin yin kuka balle ya ɗaga kai. A 2010 hukumar CPSC ta Amurka, mai kula da ingancin kayan da ake sayar wa jama'a, ta sa an janye wajen miliyan 1 na wani abin goyo mai kama da jakar rataye bayan jarirai 3 sun rasu a ciki, kuma waɗanda ta fi ja wa iyaye kunne a kansu su ne 'yan ƙasa da wata huɗu, da bakwaini, da masu mura. Duk abin da kika ɗauke ta da shi, ya zama ta manne da jikinki ba ta lilo, kina ganin fuskarta ba tare da kin ɗaga ƙyalle ba, kanta yana sama har idan kin sunkuyar da kai za ki sumbaci goshinta, kuma yatsanki yana shiga tsakanin haɓarta da ƙirjinta. Idan tana zamewa, ko dai jakar ta yi mata girma ko ɗaurin ya yi sako-sako.

Anti, ki gafarce ni, amma a bayan ba za ta ga fuskarta ba, kuma fuskar ce abin da muke tsoro a nan.

Anti Mai Shida: 'Yata, mai goyo ba ta bukatar ido. Numfashin ɗa a gadon bayanka kake jin sa, ko motsi ya yi ka sani. Ku kun karanta a takarda, mu mun yi da jikinmu.

Maman Biyu: Na gode Anti, na gode Nas. Ni dai ba wai ban ɗaure da kyau ba ne, na ja maɗauran har ƙarshe. Kuma sau ɗaya ne fuskar ta nutse, sauran lokutan ina lura sosai. Goyon baya kuma na gwada, sunkuyon da zan yi in ɗora ta shi ne matsalar, ɗinkin yana ja, kuma babu mai miƙo mini ita.

Maman Tagwaye: Ni maganar jakar da ba ta da takarda ce ta tsaya mini. Da na haifi tagwaye na saya ta intanet, hoton daban, abin da aka kawo daban. Sunan babban kamfani a jiki, amma ɗinkin kamar da hannu aka yi shi cikin duhu. Mako na uku ina sauka daga mota maɓallin kafaɗa ya ɓalle, da ba don hannuna yana ƙarƙashin yaron ba da yanzu wani labarin ake. Na kira mai kayan ta ce ni na lalata, daga nan ta daina ɗaga wayata. Abin da ya fi ƙona mini rai, maigidan cewa ya yi dama ya faɗa mini kar in saya, alhali ko sau ɗaya bai taɓa ɗaukar ɗaya ya bar mini ɗaya ba. Ki ja kowane ɗinki da ƙarfi, ki ɓalle maɓallan ki mayar ki ji ko suna kamawa da ƙara. Roba idan ta tsufa tsagewa take.

Amaryar Bara: Maman Biyu, ni ma matar wan mijina haka take, ta ba ka abu a gaban mutane, bayan wata uku ka ji labarin a bakin dangi. Gadon jariri ta ba ni, har yau idan mun haɗu sai ta tambaya ko yana nan lafiya. Ki mayar mata da kayarta ki huta. Kuma ni an ce mini jakar nan tana buɗe ƙafar yaro ta zama baka.

Nas Mai Aikin Dare: Buɗewar ba ita ke kawo ƙafar baka ba. Hasali ma zaman da masana ƙashin ƙugu suke so shi ne cinyoyi a buɗe, ƙyallen ya tallafe su daga bayan gwiwa zuwa bayan gwiwa, gwiwoyin kuma su ɗan fi ɗuwawu tsayi, kamar harafin M. Wanda ba a so shi ne siririn mazauni da ke barin ƙafafu suna reto a miƙe, musamman a wata shidan farko da mahaɗar ƙugu ba ta gama ƙwari ba. Goyon zane ma idan an yi shi daidai zaman da yake bayarwa ke nan, a wannan ba ni da ja da Anti.

Hoda kuwa don Allah a dakata. Garinta yana tashi jaririya ta shaƙa, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daɗe tana hana zuba wa jarirai ita, kuma kamfanin Johnson & Johnson ma ya daina sayar da tasa mai sinadarin talk a duniya a 2023. A wurin famfas kuma cuɗewa take da laima ta taru a matsematsi. Ki riƙa canja famfas da zarar ya jiƙe, ki wanke da ruwa mai ɗumi da auduga, ki ajiye wayif mai ƙamshi tukuna, ki bar wurin ya sha iska, sannan ki shafa man da ke da zink oksayid ko basilin da kauri. Idan jan ya shiga cikin matsematsin har da ƙananan ɗigo a gefe, ko ya wuce kwana uku bai lafa ba, yana iya zama na fangas, wannan sai an duba an rubuta magani. Kar ki shafa kirim ɗin da ke da sitiroyid da kanki. Har yanzu ina jiran nauyin nata.

Anti Mai Shida: Basilin a kan ƙurji? Ai rufe zafin za ki yi a ciki. Abu mai laima busar da shi ake yi. Ƙanwata ki ji maganata, hoda, kuma ki yi mata wanka safe da yamma da sabulu mai ƙarfi. Ni jikata ma haka na yi mata, uwarta tana ta kawo mini maganar likita, ƙarshe da ta gaji ta kawo mini ita. Yaran yanzu ba ku son a faɗa muku, sai abu ya lalace ku dawo.

Uwar Maza: Ni nawa na uku a mako 33 ya zo, kilo 1.9. A asibiti aka koya mini in kwantar da shi a ƙirjina fata da fata, daga shi sai famfas da hula, a tsaye tsakanin nonuwana, kansa a juye gefe guda, a ɗaure mu da ƙyalle mai laushi wanda bakinsa ya tsaya daidai ƙasan kunnensa. Suna kiransa renon kangaru, a Bogota ta ƙasar Kolombiya aka faro shi a 1978 saboda ƙarancin kwalbar jarirai. Ɗaurin a saman ciki yake tsayawa, bai kai inda ake yanka ba. Amma ni a zaune na fi yin sa, ban yi shara ko shanya da shi ba, don haka ban ce zai raba ki da matsalar yayanta ba. Sabulu mai ƙarfi dai ni ban yarda ba Anti, fatar nawa har tsagewa ta yi sai da na koma wanka da ruwa zalla.

Maman Biyu: A mako 35 aka ciro ta, kilo 2.2. Awon ƙarshe ban riƙe ba, katin yana motar babanta. Amma ta yi ƙiba sosai, kowa ya gan ta sai ya faɗa. Na duba bel ɗin, rubutun ya goge da wanki. Hodar kuma ba mai yawa nake zubawa ba, kuma a hannuna nake fara zubawa, ita na yi wa yayanta bai taɓa yin komai ba. Yanzu na naɗe ƙaramin tawul na saka a ƙasan jakar, ta ɗago sosai, ina ganin goshinta. Ina ga hakan ya wadatar ko?

Nas Mai Aikin Dare: Ban ba ki goyon baya a kan tawul ba 'yar'uwa. Yana iya zamewa kina cikin aiki ba ki sani ba, ta koma yadda kika same ta jiya. Kuma ki lissafa: da mako biyar ta riga lokacinta, wato a ƙarfin wuya kamar 'yar mako biyu take. Ki ɗauki jakar ki tafi da ita ranar awo, a auna yarinyar, ki saka ta a gabansu su gani, a duba ƙurajen da ɗinkinki gaba ɗaya. Kafin nan ki bar jakar. Gurnanin nan ma ki faɗa musu. Idan kika ga tana yin sa ko a kwance, ko haƙarƙarinta yana lotsawa, ko leɓenta ya canja launi, ko zafin jikinta ya kai digiri 38, kar ki jira ranar awo.

Anti Mai Shida: To ai ga shi mun haɗu, ni ma cewa na yi ta bar jakar. Saura ta ɗauki zane. Sunkuyon kuma a bakin gado za ki zauna ki zamo da ita ta kafaɗa, ba sai an miƙo miki ba. Wanda bai iya ba ne yake cewa da wuya.

Maman Tagwaye: Anti, mai ɗinkin mako bakwai fa kike cewa ta murɗa jiki ta zamo da bakwaini ta kafaɗa ita kaɗai a gida.

Maman Biyu: Don Allah kar a yi faɗa saboda ni. Ranar awo sai nan da kwana tara, kuma babanta ba zai samu fita da mu kafin nan ba, na riga na tambaye shi. Mayar da jakar kuma ba zai yiwu ba, ku ba ku san matar nan ba. Ni ban ce zan yi ta yawo da ita a ciki ba, awa ɗaya ce kawai da yamma lokacin da nake yi wa yayanta wanka in shirya shi, kuma hannuna ɗaya yana bayanta. Yanzu haka da nake rubutun nan ta fara, shi kuma yana jan zanena yana son in ɗauke shi. Uwar Maza, ƙyallen da kika ce, tsawonsa nawa ne, kuma ta ina ake fara ɗaurin?