Rashin tabbas da aljihun iyali: abin da muka gani a gidajenmu

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Ina roƙon 'yan'uwa kowa ya faɗi yadda rashin tabbas na tattalin arziki ya taɓa kashe kuɗi da ajiya a gidansa, domin na lura cewa fargabar gobe tana sauya halin mutum tun kafin abin da yake samu ya ragu.

Wata malamar makaranta: Wa'alaikumus salam, Malam. Da aka fara raɗe-raɗin rage ma'aikata a wurin aikin maigidana, sai muka fasa sayen sabon firiji, muka kira mai gyara ya sauya wa tsohon robar ƙofa, kuɗin kuma muka bar su a asusun da za mu iya cira kowane lokaci. Ba a sallame shi ba daga ƙarshe, amma har yau duk wata babbar sayayya sai mun kwana muna shawara a kanta.

Wani akanta: Malama, abin da kika yi shi gidaje da dama suka yi a lokacin korona. A watan Afrilun 2020 Amurkawa sun ajiye sama da kashi 30 cikin ɗari na abin da ke shigo musu, saboda kulle da kuma tsoron rasa aiki. Sai hauhawar farashi ta biyo baya, ta kai kashi 9.1 a Amurka a Yunin 2022, da kashi 11.1 a Birtaniya a Oktoban shekarar, ta zaizaye darajar abin da aka tara. Ni ma ta taɓa ni: kuɗin makarantar yara da na ware na shekara guda, ko zango biyu ba su kai ba. Tun daga nan nake biya da wuri idan makaranta ta amince.

Wani kafinta: Ku yi haƙuri, ranku ya daɗe, amma ku masu albashi kuna da zaɓi. Firijin da Malama ta fasa saye, irinsa ne gado da kujerun da ake fasa ba ni aikinsu. Idan aiki ya tsaya, ajiyar da na yi don sayen katako ita nake ci, kuma bashi ya yi tsada tun da bankuna suka ƙara kuɗin ruwa. Yaran shagona biyu na ce su riƙa zuwa ranar da aiki ya samu kawai, kuma wannan maganar ta fi komai yi mini nauyi, domin su ma suna da iyaye da ke jiransu.