Hilux ɗina na ɗaukar zafi a hawa tun da aka yi mata gyare-gyare

Mai_Akorikura:

Assalamu alaikum. Masana inji, a taimaka. Motar Hilux ce ta 2012, injin dizal 1KD mai lita 3.0, giya otomatik. Abin da aka canza: bambar ƙarfe mai winci da fitilu biyu a gaba, taya daga 265/65R17 zuwa 285/70R17, an sauko da intakula (mai sanyaya iskar da ke shiga inji) daga saman inji zuwa gaban lagireto, sannan an taɓa ƙwaƙwalwar motar don ƙarin ƙarfi. A cikin gari lafiya lau, ko a cunkoso allurar zafi ba ta motsi. Amma da lodi a baya, a doguwar hawa, gudun 90 zuwa 100, sai allura ta ɗaga ta nufi ja, in aka sassauta totur ta dawo. An cire tamostat (bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in ya yi zafi), ba ta canza zani ba. Tana rage ruwa kamar rabin lita a mako. Yanzu ana cewa in sayi babban lagireto na alminiyam. In saya, ko akwai abin da ya kamata a fara dubawa?

Sarkin_Lagireto:

Wa alaikumus salam. Maigida, ajiye maganar sayen lagireto tukuna. Bayaninka ya riga ya rage aikin da rabi. Motar da ke zafi a tsaye ko a cunkoso, fanka ake tuhuma. Wadda ke zafi a guje da lodi, ko dai zafin da inji ke haifarwa ya fi ƙarfin lagireto, ko iskar da ke ratsa shi ta ragu, ko ruwa ba ya zagayawa yadda ya kamata. A motarka ina ganin biyun farko sun haɗu.

Tsuguna a gaban motar ka leƙa. Kafin iska ta kai ga lagireto sai ta wuce fitilu, ta wuce gangar winci, ta ratsa intakula, ta ratsa kondensar esi. Intakular kuma zafinta take juye wa iskar, don haka abin da ke isa lagireto ya yi kaɗan, kuma ya riga ya ɗumama. Gwaji mafi sauƙi: kwance fitilun nan biyu, ka koma hawan da ta saba yi maka haka, da lodi iri ɗaya. In zafin ya sauka da digiri huɗu ko biyar, ka kama bakin zaren.

Abin da masu ɗaura bamba suka fi mantawa shi ne robobin da ke gefe da ƙarƙashin lagireto. Su ne ke tilasta wa iska ta bi ta cikinsa. In an yar da su, iska ta samu hanya mai sauƙi, sai ta zille ta gefe. A mayar da su, ko a yanka falle na roba ko alminiyam a toshe, a liƙa soso mai jure zafi tsakanin kondensa da lagireto. A kuma haska tocila a wannan tsakanin, don nan laka da ciyawa ke taruwa ba a gani daga waje. A wanke daga bayan lagireto zuwa gaba da ruwa mara ƙarfi. Injin wanki mai tsananin feshi lanƙwasa siraran fikafikan yake yi.

Kada kuma ka dogara da allurar dashbod. Tana zama a tsakiya ko zafi na hawa yana sauka, ba ta ɗagawa sai abu ya yi nisa. Sa na'urar OBD2, wadda ake jonawa da ƙwaƙwalwar mota, ka karanta ainihin lamba. Tsakanin digiri 82 da 95 lafiya ne. In ta zauna sama da 105, sauka daga totur.

Mai_Akorikura:

Na gode Malam. Robobin ƙasa babu su, an cire lokacin ɗaura bamba. To tamostat ɗin fa, a bar shi a cire?

Malam_Bakanike:

A'a Alhaji, a mayar da shi, kuma na asali. Cire tamostat tsohuwar al'ada ce da ba ta dace da irin wannan inji ba. Aiki biyu yake yi: idan ya buɗe hanyar lagireto, faifan da ke gindinsa yana rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji kai tsaye. In babu shi, wannan hanya a buɗe take kullum, wani kaso na ruwan zafi yana ta kewaya inji bai taɓa ganin lagireto ba. Kafin a ɗaura sabon, a rataya shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta da ma'aunin zafi: ya fara buɗewa wajen 82, ya gama buɗewa wajen 95. Ɗan ramin nan mai ƙwallo da ke gefensa ya kalli sama, ta nan iska ke fita.

Sai murfin ruwan lagireto. Mutane na raina shi, alhali shi ke riƙe da matsin da ke hana ruwa tafasa. Ruwa zalla a buɗe yana tafasa a 100. Ruwan sanyaya inji da aka haɗa rabi da rabi yana kaiwa wajen 107, in kuma murfi mai lambar matsi 1.1 na riƙe da matsinsa sai ya haura 125. Murfin da robarsa ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki zai riƙa zubar da ruwa ta tiyon rara duk lokacin da aka hau tudu, kuma wannan kaɗai na iya cinye rabin litar da kake nema. Duba lambar da ke kan naka, ka sayi irinta daidai. Kada a ƙara lamba don neman wuce gona da iri, tankin roba na lagireto da tsofaffin tiyo ne za su biya.

Me ake zubawa a ciki? In ruwan rijiya ko na famfo ne, ƙanzo ya riga ya fara toshe bututun. Da inji ya yi zafi, bi fuskar lagireto da ma'aunin zafi mai haske, layi-layi. Zafi ya riƙa raguwa sannu a hankali daga mashiga zuwa mafita. Duk inda ka ga wuri ya yi sanyi tsakiyar masu zafi, bututun nan sun toshe. A juye, a wanke, a cika da ruwan sanyaya inji iri ɗaya, kusan lita 10 zuwa 11 take ci. In mai kauri ne a sirka shi da tataccen ruwa rabi da rabi. Zuba shi zalla ba gwaninta ba ce, don bai kai ruwa iya ɗaukar zafi ba. Wajen cikawa a ɗaga gaban mota, a buɗe hita har ƙarshe, a bar ta a silo har tamostat ya buɗe kumfa ta daina fitowa.

Fanka ma kada a wanke ta daga zargi don kawai cunkoso bai dame ta ba. A hawa da lodi, da gaba a cushe haka, ita ce ke ceton inji. Idan zafi ya kai wajen 95 ya kamata ka ji ta kama tana ruri. Kashe inji yana da zafi, ka juya ta da hannu: in ta yi ta wulwulawa ba nauyi, man silikon da ke cikin kulocinta ya tsiyaye. A sake cika shi ko a canza kulocin. A goge laka daga ɗan naɗaɗɗen ƙarfen da ke fuskarsa, shi ke jin zafin iska.

Oga_Dizal:

Duk abin da malamai suka faɗa daidai ne, amma ni da rabin litar nan zan fara, ba da iska ba. Inji mai tobo da aka ƙara wa wuta, yana zafi sai an taka shi kawai, yana kuma shan ruwa: a fitar da gaskit ɗin kan inji daga zargi kafin a kashe ko sisi. Gaskit ɗin da ya fara saki ba dole ya haɗa ruwa da baƙin mai ba, ba dole ya yi farin hayaƙi ba. A silo yana riƙewa, sai matsin silinda ya hau sannan hayaƙi ya kutsa cikin ruwa ya ture shi waje.

Da safe kafin a tayar da mota, matsa tiyon sama. In yana da tauri kamar taya bayan ta kwana, alama ce mara kyau. Sannan a yi gwajin shuɗin ruwa mai gano hayaƙi, wanda ake ɗorawa a bakin tankin ruwa. In hayaƙi na shiga, launinsa zai juya kore ko rawaya. A yi shi bayan an dawo daga hawa, a ɗan taka totur, don a sanyi yana iya yaudara. A kuma matsa tsarin ruwan da famfon gwaji daidai lambar murfi, a bar shi minti goma sha biyar. In ya sauka ba ɗigo a ƙasa, a duba na'urar sanyaya EGR (hayaƙin da ake mayarwa cikin inji), ita ma tana yoyo ta ciki ruwan ya bi salansa.

In gaskit ya fita lafiya, sai taya da giya. Daga 265/65 zuwa 285/70 tsayin taya ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari, wato a gudu ɗaya inji na juyawa ƙasa da da, yana ɗauke da nauyi fiye da da, famfon ruwa da fanka kuma sun rage gudu tare da shi. Giyar otomatik na ta zamewa a hawa, manta na ɗaukar zafi, kuma a yawancin irin waɗannan motoci cikin tankin lagireto ake sanyaya man. Da lodi, sauko da giya ɗaya da hannu ka bar inji yana juyi wajen 2,500 a minti. A ƙara wa man giya nasa ɗan lagireton daban, a riƙa karanta zafinsa a OBD2, kada ya zauna sama da 110.

Sannan a sa ma'aunin zafin hayaƙi kafin tobo. In yana daɗewa sama da 700 a hawa, mai ya yi wa iska yawa, a koma wurin wanda ya taɓa ƙwaƙwalwar ya rage. A duba nozul ma, don 1KD ba ya yafe nozul da ya gaji, fistin yake tsagawa.

Sarkin_Lagireto:

Na yarda, Oga, gwajin gaskit ya zo farko. Maigida, kafin ka gama waɗannan, in allura ta ɗaga a hanya: kashe esi, kunna hita har ƙarshe, ka ratse gefe ka bar ta a silo ta sauko, sai dai in ruwa na zuba ko tururi na fita, nan kam a kashe. Kada a buɗe murfi sai tiyon sama ya yi laushi har hannu na iya riƙe shi, kada kuma a kwara ruwan sanyi a kan inji. In ka koma hawan, rubuto mana lamba uku: zafin ruwa, zafin man giya, da juyin inji a lokacin da allura ta fara motsi.